Motar Baba Ta Tashi Ba Kowa a Ciki

Asabar, 3 ga Mayu

Kwalin ya iso. Na'urar tayar da mota daga nesa, da rimot biyu, da tulin wayoyi kala-kala kamar zaren saƙa. Na ce wa Baba saboda zafi na saya: duk Laraba in mun fito daga ganin likitansa, motar ta zama tanda, sai ya yi ta haki kafin iyakwandishan ta kama. Gaskiya ne. Amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Tun da hannunsa ya fara rawa ya bar aikin lantarki, kullum yana kan kujerar baranda, ko rediyo ba ya kunnawa. Shekara talatin da biyu yana haɗa wuta a gidajen mutane, yanzu ko kofin shayi sai da hannu biyu.

Ya juya kwalin, ya ce, "Wa zai ɗaura?" Na ce ni. Ya yi dariyar da rabon in ji ta tun bara.

Lahadi, 4 ga Mayu

Yaya ya bugo waya. Wai in kai wa mai wayarin, kada in ƙona wa tsoho mota. "Ke da aikinki gwajin jini, ina ke ina waya?" Mama ma tana goyon bayansa. Na karanta takardar bayanin da ke cikin kwalin sau uku, na gane rabi.

Talata, 6 ga Mayu

Na dawo daga aiki na tarar da takardar a cinyar Baba, ya sa tabarau, ya ja layi da jan biro a wurare. Wai dubawa kawai yake yi. To.

Asabar, 10 ga Mayu

Yau aka fara. Mun tura motar ƙarƙashin inuwa, ya sa an kawo masa kujera dab da ƙofar direba. Abu na farko, cire kan batir. Na ce na sani, ya ce ya san na sani, in cire dai.

Na kwance murfin ƙarƙashin sitiyari, sukurori huɗu, ɗaya ya faɗa ƙarƙashin kujera ya ɓata mana minti ashirin. Daga nan na kwanta rigingine, kai a wajen birki, ƙafafu a waje. Mama ta leƙo ta ce, "Innalillahi, da digirinki!" ta koma ciki.

Ban taɓa sanin haka Baba yake da aiki ba. Ba ya yarda da launin waya. Takarda ta ce ja, shi ya ce a gwada. Muka mayar da batir, na riƙe mitar gwajin wuta, na murɗa makulli, shi yana karanta lamba. Wannan mai wuta ce kullum, wannan sai an kunna, wannan ta kik ce, mai tayar da injin. Kowacce na manna mata salatif na rubuta sunanta. Da na ɗauko filaya zan yanke ɗaya, ya daka min tsawa: "Feɗe ta za ki yi, Auta, ba yanka ba!" Muryarsa ta dā sak. Har na ji daɗin faɗan.

Da aka zo liƙa waya da dalma ya miƙo hannu, sannan ya dube shi, ya mayar cikin aljihu. Na yi kamar ban gani ba. Na ce ban iya ba, ya faɗa min. Ya ce in ɗumama wayar tukuna, dalmar za ta bi da kanta. Ta uku ta yi kyau. Ya ce, "Ba laifi." A bakin Baba wannan lambar yabo ce.

Bayana kamar an yi min duka.

Lahadi, 11 ga Mayu

Yaya ya zo da matarsa, wai gaisuwa. Kallo dai ya zo.

Na haɗa komai, na sa giyar motar a fakin, muka koma baranda. Na danna rimot. Motar ba ta ce uffan ba, sai waifa ta shiga share busasshen gilashi, fat, fat, fat. Yaya ya riƙe ciki don dariya har da zama a ƙasa. Matarsa ta ce ai ko ba komai in an yi ruwa mun huta. Ni kuwa kunya kamar in nutse.

Baba bai yi dariya ba sai da ya gama tunani. Ya ce wayar fitila na kai wa waifa, kuma ya fi zargin wayar bodi, wadda ake ɗaurewa a jikin motar, ba ta kama ƙarfe sosai ba. Na koma ƙarƙashi. Haka ne kuwa, a kan fenti na ɗaure ta. Na kankare wurin, na ƙara ɗaurewa, na mayar da ta fitila inda ya dace.

Wannan karon na ba shi rimot ɗin. Yatsansa na rawa, ya kasa samun maɓallin, ya tallafe da ɗaya hannun. Ba wanda ya yi motsi. Fitilu suka ƙifta sau biyu, shiru, sai injin ya tashi. Ba kowa a ciki!

Mama ta yi ta salati. Baba ya kashe, ya sake tayarwa, sau biyar, har ta ce zai ƙarar da mai. Yaya ya zagaya motar ya dawo ya ce, "To, Injiniya, tawa fa?" Na ce ya kai wa mai wayarin.

Laraba, 14 ga Mayu

Tun muna layin karɓar magani ya danna rimot ta taga. Muka shiga mota sanyi ƙalau. Ya yi wa maigadin asibitin bayani tun daga batir, bawan Allah bai ma tambaya ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Sukuro ɗaya ya ragu a aljihuna. Ban faɗa wa kowa ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta shigo da dutsen guga, wai ya daina zafi, ko Baba zai duba. Ya nuna ni da haɓa: "Ga mai gyaran nan." Na ce ni ba mai gyara ba ce, kuma ina da wanki. Na dai buɗe shi. Wayar ce ta tsinke daga ciki, aikin minti goma. Mun kwashe awa guda a kai saboda Baba yana ta ba ni labarin wani otal da ya yi wa wayarin kafin a haife ni.

Wankin yana nan. Na yanke farcena gajere ɗazu. Ba don komai ba, sun dame ni ne kawai.