Murfin Tukunya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya fama da garin katako?

Na san saƙon waya ya riga ya gaya maka na sauka lafiya, amma kai ka ce saƙon waya ba ya ƙosar da kai, sai takarda. To ga takarda, direban da yake kai maka katako zai miƙa maka.

Mace ce, Yaya. Baƙuwa muke ce mata. Goshinka ta ɗauko kaf, goshin nan da Mama, Allah ya jiƙanta, take cewa yana riga ka shiga ɗaki. Gadon da ka ƙera mata ya iso, ko ƙwarzane bai yi a hanya ba. Mutumin naka, maigidana Malam Shiru, ya jijjiga shi ya kasa kunne, da bai ji ƙara ba ya ce lallai wannan kafinta ya san aikinsa.

Ka san shi, shekara da shekaru yana aiki a ɗakin karatu yana harar masu tari. To ya kwaso aikin ya kawo min gida. Wai jariri shiru yake so. Ya ɗiga wa ƙofofi mai, ya cire batirin agogon bango, ya naɗe ƙafafun kujeru da tsumma. Keken ɗinkina ya lulluɓe shi da zanin gado ya tura shi lungu. Maƙwabciyarmu mai dariyar nan ta zo ganin jaririya, ya tare ta a bakin ƙofa da yatsa a leɓe. Ni Aku, da kake cewa ko kai da ba ka ji ka gaji da surutuna, yanzu raɗa nake yi a gidana.

Duk da haka Baƙuwa kuka take yi. Ta sha ta ƙoshi, a canza mata, a goya, a jijjiga, kuka. Sai ta gaji don kanta ta yi wani barci mai nauyi kamar an jefa dutse a rijiya. Nas ta ce nauyinta daidai, tana kama nono da kyau. Komai nata lafiya in sha Allahu.

Kada ka yi gaggawar zuwa. Ka bari mu ɗan natsu tukuna, gidan ba ya shiguwa.

Ƙanwarka,
Aku

*

Zuwa ga babban Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina ƙara godiya da gadon da kuka aiko. Allah ya saka da alheri.

Ina neman afuwa da na rubuto ba da sanin ƙanwarku ba. Wani abu ne ya shige min duhu, kuma babu wanda ya san ta kamar ku.

Tun da muka dawo daga asibiti take yawan sakin murfin tukunya. Da farko na ɗauka hannunta ne bai gama dawowa ba, don ta sha wahala. Amma shekaranjiya da hantsi ina tsaye a ƙofar ɗaki ba ta gan ni ba. Jaririya tana barci. Sai na ga ta zagaya bayan gadon da murfi a hannu, ta ɗaga shi, ta zuba wa fuskar yarinyar ido, sannan ta sake shi da gangan. Ni kaina sai da na zabura. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba, wanda na gode wa Allah a kai. Ita kuwa ta ɗauki murfin ta tafi wurin wanke-wanke, ta daɗe tsaye famfo yana zuba. Da na tambaye ta sai ta ce suɓuce mata ya yi.

Na ɓoye murafen ƙarfe duka a saman durowa. Jiya ta saki faranti.

Na duba littattafan da suka yi magana a kan halin da mace take shiga bayan haihuwa, kuma ba kaɗan na duba ba, babu wanda ya ambaci murfi. Ba ta cin abinci sosai. In ta ɗauki yarinyar sai ta yi ta shafa mata kunne tana hawaye. Yaya, ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji. Me kuke gani ya kamata in yi?

Na bar ku lafiya.
Naku mai biyayya,
Mijin ƙanwarku

*

Aku,

Salama. Ni ina lafiya. Ke ce ba ki da lafiya.

Mijinki ya rubuto min. Kada ki yi masa faɗa, bawan Allah ya zaci hannunki ne ya mutu.

Murfin tukunya ni na san shi. Kin tuna ranar da na tambayi Mama yaushe ta gane ni kurma ne? Da hannu ta ba ni labari. Ta ce tana zagayawa bayana ta saki murfi, ina kwance ina wasa da ƙafata. Murfin nan namu mai lotsa a gefe, wanda ba ya zama daidai a kan tukunya, a kaina ya lotse. Kina zaune a wurin ranar, kina ƙarama, kina kallon hannunta. Na ga kin gani.

Shi ya sa kika ce kada in zo. Gida ba ya shiguwa, in ji ki. Ni da na rayu da ke a ɗakin da kika mayar juji da ƙyallaye? Kunya kika ji in zo in ga kina tsoron 'yarki ta zama irina. Wannan ɓoyon ya fi ɓata min rai a kan tsoron.

Tsoro ba laifi ba ne. Ina da sana'a, ina da abokai, kuma na fi ki cin abinci. Amma na san wuraren da na je neman aiki aka kalli bakina aka nuna min hanya. Na san zama cikin mutane suna dariya ina jiran wani ya tuna da ni. Ba na so mata wannan, kuma ba zan ji haushin uwar da ba ta so mata ba.

In ma hakan ne, ba a kanta farau ba. Mama ba ta da kowa lokacin, ita kaɗai ta yi ta lalube. Ke kina da ni. Zan koya wa Baƙuwa magana da hannu kafin ta yi haƙori, mu riƙa gulmarki a gabanki.

Ki gaya wa mijinki yau. Ki ci abinci. Ki ƙyale kayan kicin su huta.

Yayanki

*

Yayana,

Amin wa alaikumus salam. Na gaishe ka, kuma kunyarka nake ji har ba na son ɗaga biro.

Duk abin da ka faɗa haka yake. Tun a asibiti abin ya shige ni. Wata ma'aikaciya ta ture kujerar ƙarfe ta faɗi, jariran ɗakin suka ɗauki kuka, tawa tana barcinta. Daga nan ban ƙara samun sukuni ba. Sau nawa na fara rubuta maka, sai in ga ta ina zan ce wa Yayana ina tsoron abin da yake ɗauke da shi tun haihuwa? Sai in yage takardar.

Na gaya wa Malam. Zama ya yi a ƙasa daɓas. Ya ce wallahi ko sau ɗaya abin bai zo masa a rai ba, shi da yake zuwa shagonka koyon gaisuwa da hannu lokacin da yake nemana. Ya ce, "Ashe ni ina ta kashe ƙara, ke kina ta nemanta." Muka yi kuka, Baƙuwa ta taya mu, ta ma fi mu.

To ga abin da ya sa na rubuto da sauri. Bayan la'asar na rasa inda zan sa kaina, na ce ya jawo min kekena in daje bakin zanin gadonta, ko hannuna ya samu abin yi. Bai musa ba. Baƙuwa tana cikin gadon tana tsala kuka. Ina taka keken, ɗif, ta yi shiru. Na ɗaga ƙafa, ta ɗauka. Na sake takawa, shiru, har da lumshe ido. Malam ya ce in sake, na sake, sai da na ɗinke zanin nan ta inda ba ya buƙatar ɗinki.

Yaya, wata tara tana cikina ina kan keken nan daga safe har yamma. Ta san ƙararsa. Tana ji! Yau na ci abinci har na ƙara.

Taka,
Aku

*

Aku,

Salama. Na ji daɗi kin ci abinci.

Amma kada ki yi saurin murna. Kekenki ni ma na san shi. A gida in kin fara ɗinki ina ɗaya ɗakin nake sani, tafin ƙafata ke gaya min. Gadon nan ni na ƙera shi, katako ne mai kyau, duk girgizar da ta bi ƙasa zai kai mata har bayanta. Da ni aka kwantar a ciki, da ni ma na yi shiru.

Ba na son kashe miki daɗi. Amma Mama ta yi shekara tana kama irin waɗannan alamu tana saki. Yanzu akwai na'urar gwada kunnen jarirai. Ku kai ta babban asibiti a duba, ko mene ne ku sani.

Ina jiran takarda.

Yayanki

*

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, amma alheri ne.

Takardarka ta ba ni haushi ƙwarai, na jefar da ita bayan kujera. Gaskiya ɗaci gare ta. Da safe na ɗauko ta na goge, muka shirya muka tafi.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da wani abu mai taushi, shiru kamar ɗakin karatun Malam. Muna shiga Baƙuwa ta ɓare baki. Matar da take gwajin ta ce ba ya yiwuwa sai jariri ya natsu, in ba haka ba mu dawo wani makon. Ni kuwa ba ni da ƙarfin ƙara kwana ko ɗaya a haka. Na ba ta nono ta ƙi, na jijjiga ta ƙi, ga wasu iyayen a kan benci suna jira.

Sai kawai na ji "drrrrr" a bayana. Malam ne, Yaya. Malam Shiru, da rigarsa mai guga, ya turo leɓe yana kwaikwayon kekena, har da ɗan tsayawar nan da nake yi in zan juya ƙyalle. Yana can jikin ƙofa, bai taɓa Baƙuwa ba, bai taɓa ni ba. Yarinyar nan ta yi tsit. Numfashinsa ya ƙare, ta motsa baki, ya ja iska ya ci gaba, gumi yana zubo masa. Matar ta juya baya kafaɗunta suna rawa don dariya. A haka Baƙuwa ta yi barci.

Matar ta sa mata wani ɗan abu mai laushi a kunnen dama, muka zuba wa na'urar ido. Ta cire ta sa a na hagu. Sannan ta ce, "Maman Baƙuwa, kunnuwan 'yarki lafiya lau, duka biyun." Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Ban san lokacin da na rungume ta ba, matar da ko sunanta ban sani ba.

Na ba ta labarin murfi. Ta ce jaririn da ya yi kuka ya gaji, in ya yi barci ko ganga ba ta tashinsa, balle wadda ta saba da ƙarar keke tun tana ciki. Ta kalli Malam ta ce, "Shirun ne ya dame ta."

Muna dawowa ya mayar wa agogo batiri, ya kwance tsummokaran kujeru, ya sauko min da murafena. Da ƙafarsa ya je ya kira maƙwabciya ta zo ta yi dariyarta. Yanzu haka rediyo a kunne, ina rubutu da hannu ina taka keke ba zare, Baƙuwa tana barci. Rabon da in ji zuciyata sakayau haka tun kafin haihuwa.

Ka yafe min, Yaya. Ka zo, don Allah ka zo. Malam yana gaishe ku, ya ce kada in rubuta maganar "drrrrr".

Ƙanwarka,
Aku

*

Aku,

Salama. Alhamdu lillahi.

Na ce miki in ma irina ce babu komai, kuma gaskiya na faɗa. Amma da na karanta takardarki sai na ja ƙofar shago na zauna a kan garin katako na yi kuka har ya ishe ni. Wannan ma gaskiya ne.

Babu abin yafewa. Zan biyo direba ranar Asabar. Ki gaya wa Malam sai ya yi min abin nan da leɓe, ni kallo zan yi.

Abu ɗaya nake roƙo. In na zo ta fara kuka, kada ki taka keke, kada kowa ya lallashe ta. Ki ɗora min ita a ƙirji ta yi ta yi. Ina so in san muryarta.

Yayanki