Saƙon Asibiti Ya Ɓace Kafin In Karanta

Maijidda,

Saƙon asibitin da kika nemi aiki ya shigo bayan kin fita kai niƙa. Ina zaune gaban kwamfutar, kamar yadda kika ce. Ya leƙo ta ƙasan allo, na fara haɗa baƙi. Na ga sunanki, na ga ƙarfe goma. Kafin in kai kan ranar intabiyun, ya ɓace. Ina laluben inda ya shige, caji ya ƙare.

Ban sani ba ko yau ce. Kina dawowa ki kai ta shagon cajin Madu, kada ki tsaya karyawa. In yau ce, Jamil zai kai ki Ɗambatta a babur, na yi masa magana. Ni masu huɗa suna jirana a gona.

In ta kunnu, ki mayar da tsayuwar saƙon minti biyar. Jiya da kika ce daƙiƙa biyar ta yi mini kaɗan, na ce ki bar shi haka, don ƙannenki suna wajen. Kunya ce kawai na ji.

Ki yafe mini, 'yata. Laifina ne.

Babanki