Ranar da Baba Ya Shiga Gidan Kallo

Yaya Abdulƙadir,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da matarka Zuwaira da yara. Yaya ƙafar Inna? An gama yankan gero a gonarmu ta Bungudu? Ƙamshin sabon gero nake ta tunawa kwanan nan.

Nan Tunisiya lafiya lau nake. Ƙungiyarmu ce ta uku a gasar ƙasar, a gasar Afirka kuma mun kai wasan kusa da na ƙarshe. Gwiwa ce take ɗan damuna, amma kada Inna ta ji.

Na samu saƙonka cewa ranar Asabar Baba ya shiga gidan kallo don ya gan ni, shi da ya sha koro mu daga ƙofar wurin da sanda. Ka ce lokacin da wani baƙin ɗan wasa ya ci ƙwallo ya faɗi ya yi sujada, sai Baba ya miƙe yana cewa, "Yazid ne! Ni na koya masa sallah!"

Yaya, ka sani, na sani, ba ni ba ne. Ɗan Mali ne. Wata biyu ke nan ban taka fili ba.

Don Allah ka bar Baba a haka. Allah ya ƙara masa lafiya, ya kai mu ranar da zai gan ni da gaske. Ka dai rubuto mini yadda fuskarsa ta yi lokacin da ya kira sunana.

Ƙaninka,
Yazid