Taɓaryata da Gudumar Magini

Litinin, 3 ga Maris
Kai mai leƙa littafin mutane, cinki wannan tukuna: ya mutu a tsaye, yana jiran wanda zai tafi da shi. Mene ne?

Shekaranjiya wuta ta tashi daga wayar firji. Ta lashe kicin, ta haye rufi tana gurnani, kwano yana naɗewa kamar tabarma, gilashi yana fashewa. 'Yan kwana-kwana suka ƙarasa sauran da ruwa. Ba wanda ya mutu sai firjin, shi kuwa alhaki ne ya kama shi. Ɗakina ba rufi, amma bangonsa na nan. Marigayi maigidana ya ɗora shi da hannunsa.

Talata, 4 ga Maris
Ɗana ya kawo magini ya duba ɓarna. Wani siriri kamar tsinken sakace. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da guduma, yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Da ya iso wanda ya haɗa ni da kicin ya ce, "Iya, wannan ya dahu. A rushe." Na ce ƙeyarka ce ta dahu! Taɓaryata ta tsira daga gobara, na sauke masa ita a gadon baya. Ya fita da takalmi ɗaya, ya bar gudumarsa.

Alhamis, 6 ga Maris
Ɗana ya yi ta ihu, ya yi ƙwallo da bokiti. Na ce duk wanda ya taɓa bangon maigidana sai na fasa masa kai.

Asabar, 8 ga Maris
Angona ya zo, wato jikana mai fenti. Ƙato da gemu, har yau bai biya sadakina ba. "Tsohuwa, ƙyale su. Zan mayar miki da bangon amarya." Ya kankare, ya wanke, ya shafa fari. Kafin ya bushe baƙin ya sake ɓullowa. Ƙauri kuwa har maƙogwaro. Ya ce gobe zai ƙara shafi na biyu.

Lahadi, 9 ga Maris
Ya jingina tsani don ya kai sama. Ina riƙe masa gwangwani ina tsokanarsa. Ban ji ƙara ba, ƙura kawai na gani. Bulo a kan ƙafarsa, jini yana bin farin fenti. Na yi ta tono da hannu har farcena ya cire. Bulon yana marmashewa a tafina kamar gari.

Talata, 11 ga Maris
Karaya biyu. A asibiti ya buɗe ido ya ce, "Amarya ta yi duka." Ban yi dariya ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Rabin bangon yana tsaye, 'ya'yan maƙwabta suna wasa a gindinsa. Na kore su da tsawa. Guduma ta zo hannuna, ban san yadda aka yi ba. Bugu kaɗan ya zube. Ƙura ce ta shiga idona.

Na aika wa siririn takalminsa, na ce ya zo ya ƙwanƙwasa sauran. Ba haƙuri na ba shi ba, takalmi ne.

Abin da ya mutu a tsaye, bango ne da ya sha wuta.