Abin da Hussaina Ta Ji a Bayanta

Zuwa ga ƙanena Muktar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya a can Fatakwal. Allah Ya ƙara lafiya, Ya yi wa nema albarka. Mu nan Tsafe lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi, an kuma gama yankan gero a gonarmu ta Kucheri.

Ka kwantar da hankalinka, 'yarka Ummi ta samu sauƙi, amma saura kaɗan mu yi sakaci. Ashe tun bayan aikin toshe hujin zuciyarta, in matarka Hussaina ta goya ta, takan ji zuciyar yarinyar tana gudu a bayanta, sai jikin Ummi ya saki, gumi ya karyo mata. Hussaina ba ta gaya wa kowa ba. Ka san kunyar 'yar fari, ko sunanta ba ta faɗa, balle ta nuna damuwa gaban surukarta. Sau biyu muna zuwa asibiti a Gusau, likita na tambaya, Inna na cewa lafiya ƙalau, Hussaina kuwa kanta a ƙasa. A zuwa na uku har mun miƙe za mu fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Likita, ni ka goyon ta. Zuciyar ɗiyata ba daidai take ba."

Nan take aka auna Ummi, aka kuma liƙa mata wata 'yar na'ura ta yini ta kwana da ita. Likita ya ce tabon aiki yakan rikita bugun zuciya, kuma da an ƙara jinkiri da abin ya yi muni. Ya ba da magani safe da yamma, ya ce ba sai an sake aiki ba. Yau mako uku bugun bai sake tashi ba, Ummi har korar kaji take yi.

Wallahi na ji haushi, na shirya yi wa Hussaina faɗa. Inna ta riga ni, amma kanta ta yi wa faɗan, tana kuka. Yanzu in za mu asibiti, a waje take zama, ta ce uwar yarinya ta shiga.

Ka kira Hussaina ka gode mata, kada kai ma kunyar ta hana ka. Inna da ƙanwarmu Indo suna gaishe ka. Ka gaida abokin zamanka Lukuman.

Yayarka,
Kulu