Injin Baba Gaiya

Litinin, 14 ga Oktoba

Yau ma an kawo mini wani bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Baba Gaiya sunansa, manomi a bakin madatsar ruwan Tagwai, mutumin kudancin Kaduna amma a nan Minna gemunsa ya yi fari. Matarsa Alice ce ta jawo shi ofis, kusan da ƙarfin tsiya. Bara ya ci bashin wani ƙaramin banki ya sayi injin ban-ruwa, ya sa injin da takardar gonar jingina. Ambaliyar watan jiya ta share shinkafarsa kaf. Yanzu banki ya kai ƙara, injin da gonar suke so.

Sammacin kuwa ya kwana biyu a ƙarƙashin katifa. Duk shekarun da na yi a aikin lauya ban taɓa ganin katifar da ta biya wa wani bashi ba, amma mutanenmu ba su daddara. Na yi faɗa sosai. Ya dinga juya hularsa a hannu, sai kuma kunya ta kama ni, don a haife ya haife ni.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na karanta yarjejeniyar. Biya wata-wata, kamar mai albashi. Wanda ya rubuta ta bai taɓa jiran tumatir ya nuna ba.

Na kira Taufiq, lauyan bankin, tare muka yi makaranta. Ya ce shi ɗan aike ne, kuma mutumina tun ambaliya ko kwabo bai kai ba, ko inuwarsa ba a gani ba. In aka ɗauke injin nan kafin noman rani, shi ke nan, an gama da gidan.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na je gonar. Laka har ƙauri, takalmina ya tafi ke nan. Injin na cikin ɗakin kwanansu, Alice ta lulluɓe shi da zanenta na zuwa coci.

Da na faɗa masa abin da Taufiq ya ce, tsohon ya miƙe tsaye. "Barista, ni ban gudu ba. Na kai fuskata. Buhu biyu na masara na kai gidan yaron, da doya."

Sai da na zauna kafin na gane. Tun yana saurayi wurin Alhaji Garuba, dillalin hatsi a Kasuwar Kure, yake cin bashin taki. Ƙa'idarsu ita ce in shekara ta ƙi, ka ɗauki abin da ya rage maka ka kai gidan mai bashi da ƙafarka. Ya karɓa, to ya ɗaga maka zuwa kaka ke nan, ba sai an yi magana ba. Shi ne ya ɗauki masarar da za su ci ya kai gidan Abdulwasiu, jami'in da ya ba shi bashin, a Kpakungu. Bai tarar da shi ba, matar ta karɓa ta yi godiya. Ya dawo gida hankali kwance, a zatonsa magana ta mutu sai kaka. Da sammaci ya zo ya ɗauka kuskure ne.

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ba rasit, ba shaida sai mai Keke Napep ɗin da ya kai shi.

Talata, 22 ga Oktoba

Shaiɗan ya raya mini wani abu tun safe. Jami'in banki ya karɓi kaya a gida daga hannun wanda ake bi bashi, bai faɗa wa kowa ba. In na furta kalmar cin hanci a gaban alƙali, bankin da kansa zai nemi sulhu. Yaron kuma aikinsa ya tafi. Na gaya wa maigidana, Baban Samira, da muna cin abinci, ya ce to ki ceci gona ki rusa gida, ai lissafi ya tashi daidai. Na ji haushinsa, don gaskiya ya faɗa.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ban yi ba. Kiran yaron na yi.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Abdulwasiu ya zo, siriri, yana ta gumi ga fanka na juyawa. Bai fi shekara da fara aiki ba. Ya ce tun ranar da ya dawo ya tarar da buhunan barcinsa ya ragu. In ya mayar, yana tsoron a ce ya wulaƙanta dattijo. In ya faɗa a ofis, yana tsoron kora.

"Madam, wallahi masara yana nan, ko ƙwaya ban taɓa ba. Doya ne kawai matata ya dafa."

Na ce doya kam a ci lafiya. Na bayyana masa abin da buhunan suke nufi a wurin tsohon. Da na gama ya ce zai gaya wa manaja da bakinsa. Ban roƙe shi ba, Allah ne shaida.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Kotu. Na nemi a ɗaga don mu gwada sulhu, Taufiq bai ja ba. Baba Gaiya ya sa kwat ɗin da ina jin da shi aka ɗaura masa aure.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Zaman sulhu a bankin. Manaja ya fara da cewa su ba sa karɓar masara. Na ce na sani, amma ya gaya mini nawa tsohon inji zai yi a gwanjo, kuma wa zai sayi gonar da kowa ya ga ruwa ya shanye. Wanda ya kawo abincin bakinsa ba mai niyyar gudu ba ne. Abdulwasiu ya faɗi nasa, manaja ya harare shi har na tausaya masa.

Alhaji Garuba ne ya ƙarasa aikin. Na gayyato shi ba tare da na sa rai ba, sai ga shi da babbar riga. Ya ce zai sayi buhunan a farashin yau a zuba wa banki, kuma duk abin da gonar ta fitar da rani ta hannunsa zai bi, ya cire na banki kafin Gaiya ya ga ko sisi. Manaja ya tambaye shi me zai sa ya tsaya wa wannan mutum. Alhaji ya ce, "Shekarar da ya fi kowa talauci ma ya zo."

Sun ce za su yi shawara. Na tsani wannan kalma.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Sun yarda! Biya biyu a shekara, bayan rani da bayan kaka. An yafe tarar jinkiri, ruwan bashin dai yana nan, na yi iya yina. Abdulwasiu ya sha takardar gargaɗi amma yana bakin aikinsa. Alice ta rungume ni har mayafina ya faɗi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Garuba ya kira, kason farko ya shiga banki. Tumatir ya yi araha bana, da ƙyar aka haɗa, amma an haɗa. Yau kuma wata mai shagon ɗinki ta zo da nata sammacin duk ya yi laushi. Na buɗe baki zan fara faɗa, sai na ji kaina ina tambayarta ko ta karya kumallo.

Asabar, 8 ga Maris

Na je Tagwai sayen kifin buɗa-baki. Kifi kawai. Baba Gaiya ne ya hango motata, kafin in ankara ya tara maƙwabtansa a gindin mangwaro, wai banki na yawo da sabon bashin taki, kowa da takardarsa ba a sa hannu ba tukuna. Na ce minti biyar zan yi. Ina karanta musu layi-layi, injin na ta ƙara a bayanmu sai na ɗaga murya, har aka kira la'asar.

Sun ce in dawo Asabar mai zuwa, akwai manoman ƙetaren ruwa. Na ce sai na duba, ni ba ni da lokacin aikin kyauta. Baban Samira ya tambayi kifi, na ce bai yi kyau ba yau, sai wani satin.