Ba Zan Kashe Ka a Babi na Uku Ba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya ƙafar Inna, ya kuma rumfa? A gaida min maƙwabcinka tela, tunda shi zai karanta maka wannan.

Baba, littafin nan da na shekara huɗu ina fama da shi, labarin 'yar mai gyaran takalmi da ta zama malamar jami'a, kamfanin buga littattafai ya karɓa. Amma kada ka yi saurin murna. Editansu, wani ɗan gayu da takalmi bai taɓa tsinke masa a hanya ba, ya ce uban yarinyar ya cika kirki. Wai masu karatu sun fi son uban da zai yayyaga mata littattafai, ya mutu a babi na uku, sannan ita ta ɗaukaka.

Na gaya masa uban nan nawa ne. Shi yake ɗinke min jakar makaranta da zaren takalmi, ya sa ni in karanta masa darasi da ƙarfi alhali ko baƙi ɗaya bai sani ba, in na yi in'ina ya ce in sake. Editan ya yi wani murmushi, ya ba ni mako biyu in yi tunani. Wallahi raina ya ɓaci.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Auta

Babana,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna. Ina fata jiki da sauƙi.

Amsarka ta iso da rubutun tela. Ka ce in kashe ka kawai, mutuwar takarda ba ta da zafi, in dai littafin zai fito. Na yi dariya, daga baya ta koma kuka.

Kullum haka kake, ka matsa gefe don in wuce. Ranar da na karɓi digiri ma can baya ka laɓe, wai hannunka duk man takalmi ne. Na ƙyale ka ranar, har yau kuma abin yana ci min rai.

Jiya na je ofishinsu na karɓo rubutuna, ko wasali ban canza ba. Editan ya ce da wuya in sami wani kamfanin. Wataƙila gaskiyarsa ne.

Ka yafe min, Baba, wannan karon na ƙi jin maganarka. Ba ka sa ni karatu don in yi maka ƙazafi ba. Ko littafin zai shekara goma a akwati, kana cikinsa da ranka har shafin ƙarshe.

Allah ya ƙara maka lafiya.
'Yarka mai taurin kai,
Auta